Bayan Ritayar David Warner: Wace Hanya Ta Fi Dacewa Wajen Cike Gurbin Mai Buɗe Bugu?

David Warner, mai buɗe wa tawagar Ostireliya bugu, ya ajiye sandar bugunsa a wasan Tes, wato kurket na kwana biyar, a watan Janairun 2024 a filin Sidni, bayan Ostireliya ta cinye Pakistan wasa uku babu ko ɗaya. Ya tafi da maki 8,786 a wasanni 112, kuma sau 26 yana cika ɗari. Tun daga 2011, in ka cire shekarar da aka dakatar da shi kan badaƙalar goge ƙwallo a Afirka ta Kudu a 2018, masu zaɓen 'yan wasa ba sa dogon tunani kafin su rubuta suna na farko a takarda. Daga tafiyarsa zuwa gasar Ashes tsakanin Ostireliya da Ingila da aka kammala a Janairun 2026, mutum shida aka gwada a gurbinsa: Steve Smith, Nathan McSweeney, Sam Konstas, Travis Head, Marnus Labuschagne da Jake Weatherald.

Idan kana cikin masu musun wanda ya fi cancanta, ko kuma kana riƙe da ƙungiyar makaranta ko ta kulob wadda gogaggen mai buɗe mata bugu ya ce ya gaji, hanyoyin da ke gabanka ba su wuce biyar ba. Ostireliya ta bi kowace ɗaya a idon duniya, don haka akwai abin aunawa.

Abin da ya sa gurbin yake da wuya

Mutum biyun da ke shiga fili da farko su ne ke karɓar sabuwar ƙwallo. Ja ce, tana sheƙi, ga tauri, ɗinkinta a tsaye yake cirko-cirko, sai ta lanƙwasa a iska ta kuma kauce idan ta taɓa ƙasa. Masu jifan ƙarfi a lokacin ba su gaji ba. Ba a canja ƙwallon sai an yi oba 80, kowace oba jifa shida, shi ya sa wanda ya shigo na biyar yakan tarar da ita ta yi laushi, masu jifa kuma gumi ya jiƙa su. Ƙari a kan haka, mai buɗewa zai iya wuni da rabi yana tsaron fili cikin rana, sannan a ba shi minti goma kacal ya ɗaura kariyar ƙafa ya fito.

Warner kuwa ba jure wa sabuwar ƙwallo kawai yake yi ba, dukanta yake yi. Yana cin kusan maki 70 a kowace ƙwallo 100, abin da ba kasafai ake samu ga mai buɗewa ba. A Janairun 2017 ya cika ɗari kafin a tashi cin abincin rana a ranar farko da Pakistan. Abokin buɗewarsa na shekarun ƙarshe, Usman Khawaja, haifaffen Islamabad kuma Musulmi na farko da ya buga wa Ostireliya, mutum ne mai natsuwa da ke ƙyale ƙwallaye da yawa su wuce. Ɗaya na rura wuta, ɗaya na gadin ƙofa. A ganina nan ne mutane da yawa suka yi kuskuren lissafi: suna neman wanda zai maye makin Warner, alhali babban abin da ya tafi da shi saurin ne. Ba kuma waliyyi ba ne. A Ingila a 2019 maki 95 ya samu a shiga goma, Stuart Broad ya fitar da shi sau bakwai, kuma har ya yi ritaya bai taɓa cika ɗari a Ingila ko Indiya ba.

Ma'aunai huɗu

Farashi a nan ba kuɗi ba ne. Abin da tawagar za ta rasa a wani gurbi ne domin ta cike wannan. Ɗorewa ita ce yawan shekarun da za a mora kafin a sake komawa neman wani. Sauƙi yana nufin ko mutumin ya riga ya saba da aikin ko sai ya koya a cikin fage. Haɗari iri biyu ne: a rasa gasa, ko a karya wa ɗan wasa gwiwa har ya kasa farfaɗowa. Na biyun ne aka fi mantawa da shi.

Hanya ta farko: a ɗauko gwarzon tawaga a kai shi sama

Steve Smith da kansa ya nemi a ba shi gurbin, kuma kwamitin zaɓe ƙarƙashin George Bailey ya amince. Dalilin yana da ma'ana a takarda. Ana son a saka mafi iya bugu guda shida a ƙasar ba tare da duba gurbin da kowa ya saba ba, kuma matsar da Smith zai buɗe wa Cameron Green lamba huɗu a jerin masu bugu.

A wasan farko a Adeled, wani sabon mai jifa daga Guyana, Shamar Joseph, ya fitar da Smith da jifansa na farko a tarihin wasansa na Tes. A Birisben, Ostireliya na neman 216, Smith ya tsaya tun daga farko har ƙarshe da maki 91 ba a fitar da shi ba, yana kallon abokansa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Joseph, da ciwo a yatsan ƙafa, ya kwashe mutum bakwai, tawagar tsibiran Karebiyan ta yi nasara da tazarar maki 8. Wannan 91 shi ne mafi kyawun abin da gwajin ya haifar. A wasanni huɗu, biyu da Karebiyan biyu da Niyu Zilan, Smith ya haɗa 171, matsakaicin 28.50 ke nan a duk fitarwa ɗaya da aka yi masa. Mutumin da matsakaicinsa a lamba huɗu ya haura 60.

An samu wata riba, don Green ya buga 174 a Wellington ba a fitar da shi ba. Amma lissafin bai fita ba. Kamar a yanke gindin babbar riga ne a yi facin wuya da shi: wuyan bai yi kyau ba, rigar kuma ta gajarce. Da Green ya tafi tiyatar baya a ƙarshen 2024, aka mayar da Smith gurbinsa, sai ga 101 a Birisben da 140 a Melbon da Indiya, sai 141 da 131 a Galle ta Siri Lanka, inda ya cika maki 10,000. Farashin wannan hanya ya fi na kowace tsada. Ɗorewarta kaɗan ce tunda Smith yana da shekara 34 a lokacin. Haɗarin karya gwiwa babu, don irin su Smith ba wasa huɗu ke rushe su ba, amma haɗarin rasa wasa ya bayyana a fili.

An maimaita irin wannan da Labuschagne a wasan ƙarshe na gasar Tes ta duniya a filin Lord's na Landan a Yunin 2025. Ya samu 17 da 22, Afirka ta Kudu ta ɗauki kofi, shi kuma aka ajiye shi a wasannin da suka biyo baya.

Hanya ta biyu: a kira tsohon hannu daga gasar cikin gida

Gasar Sheffield Shield ta jihohi shida ita ce makarantar da ake yaye 'yan Tes a Ostireliya, wasa kwana huɗu. Lokacin da Warner zai tafi, sunaye uku ne a bakin kowa. Cameron Bancroft ya fi kowa maki a kakar 2022 zuwa 2023, da 945. Marcus Harris ya daɗe yana bin tawaga a matsayin na jiran ko-ta-kwana. Matt Renshaw kuma ya taɓa buga 184 da Pakistan a Sidni yana ɗan shekara 20.

Abin da ya hana su shi ne an riga an gwada su. Bancroft ya buga Tes 10, matsakaicinsa wajen 26. Harris ya buga 14, wajen 25, bai taɓa cika ɗari ba. Renshaw 14, wajen 29. Masu zaɓe suka ce sun ga iyakarsu. Ni dai ina ganin an yi wa Bancroft rashin adalci a Janairun 2024. Idan mutum ya fi kowa a gasar da aka ce ita ce tsani, sannan aka tsallake shi, me za a gaya wa yaran da ke tasowa? Damar ta wuce, da kakar da ta biyo baya ta fara sai bugu ya ƙi shi, sifili na bin sifili, maganarsa ta mutu.

Wannan hanya tana da tarihi mai kyau. A 2013 aka dawo da Chris Rogers yana da shekara 35, bayan wasa ɗaya tal da ya buga a 2008. Ya riƙe gurbin har 2015, ya cika ɗari sau biyar, matsakaicinsa ya haura 42, kuma shi ne ya zama mai gadin ƙofa ga Warner ɗin kansa. Da aka dawo kan wannan hanya a Nuwamban 2025, Jake Weatherald aka ɗauko, ɗan shekara 31, wanda ya fi kowa maki a Shield da 906 a tawagar Tasmaniya. Jofra Archer na Ingila ya fitar da shi a ƙwallo ta biyu a Perth bai ci komai ba. A Birisben ya buga 72 mai kyau, bai kuma sake kaiwa nan ba a gasar.

Farashi kusan babu, kowa na zaune a gurbinsa. Sauƙi ya fi na kowa, don aikin da mutum ke yi kullum ne. Ɗorewa shekara biyu zuwa huɗu. Haɗarin shi ne ka samu mai ba ka 25 ko 30 a kai a kai, ba ya kunyata ka, ba ya kuma ci maka wasa.

Hanya ta uku: sabon ɗan tsakiya a mayar da shi mai buɗewa

A ƙarshen 2024 Nathan McSweeney kyaftin ne na jihar Ostireliya ta Kudu, yana da shekara 25, yana buga lamba uku ko huɗu. Aka ba shi hular Tes aka ce ya buɗe da Indiya, wato ya fuskanci Jasprit Bumrah da sabuwar ƙwallo. Makinsa a shiga shida: 10, 0, 39, 10 ba a fitar da shi ba, 9, 4. Bumrah ya fitar da shi sau huɗu. Bayan wasa uku aka sallame shi.

Wannan ita ce hanyar da na fi ƙi. An ɗora wa yaro kaya biyu a rana guda, koyon Tes da koyon gurbin da bai sani ba, a gaban mai jifan da ya kwashe mutum 32 a gasar, har da manyan da suka fi shi gogewa. Masu kare ta sukan kawo Justin Langer da Simon Katich da Khawaja kansa, waɗanda duk daga ƙasa aka kai su sama suka yi fice. Gaskiya ne, sai dai kowannensu ya riga ya san zafin Tes shekaru kafin a matsar da shi. Farashi kaɗan ne a ranar, mai yawa ne daga baya idan ka lalata wanda zai riƙe maka lamba huɗu nan gaba.

Hanya ta huɗu: a jefa matashi a ruwa

Sam Konstas ya cika ɗari sau biyu a wasa ɗaya na Shield a Oktoban 2024, 152 da 105, mafi ƙarancin shekaru da ya yi haka tun Ricky Ponting. Ranar 26 ga Disamba aka fito da shi a Melbon yana da shekara 19, gaban mutum sama da 80,000.

Wanda ya ga safiyar nan ba zai manta ba. A obar farko Bumrah ya yi ta wuce sandarsa, ƙwallo na shafar iska kusa da gefenta. Maimakon ya ƙara noƙewa, sai yaron ya ware ƙafafu, ya juya fuskar sanda sama, ya ɗebo ƙwallon ta saman kan mai tsaron baya har wajen igiya. Tun 2021 babu wanda ya buga wa Bumrah shida a Tes, wato ƙwallon da ta tsallake igiya ta sama mai kawo maki shida. Indiya ta rikice, aka janye masu jiran kamu daga kusa aka kai su bakin igiya, Virat Kohli ya bangaje shi da kafaɗa har aka ci shi tarar kashi 20 na kuɗin wasansa. Konstas ya tashi da 60 a ƙwallo 65. Ostireliya ta ci wasan, ta kuma ci gasar uku da ɗaya.

Wata shida bayan haka, a tsibiran Karebiyan, maki 50 ya haɗa a shiga shida. A yi masa adalci, filayen sun yi wa kowa wuya, babu wanda ya cika ɗari a ɓangarorin biyu, har masu gida aka kwashe su duka a maki 27 a Kingston. Duk da haka an ga raunin a fili, ƙwallon da ke shigowa ciki tana samun turakun da yake karewa ko ƙafarsa, kuma shi kansa ya rasa wanda zai zama, mai ɗebo ƙwallo ta sama ko mai haƙuri. Aka ajiye shi kafin Ashes.

Ɗorewa a nan ta fi ta kowa, ana maganar shekara goma sha biyar idan abin ya yi. Farashin shi ne haƙuri, sai ka yarda za ka yi asarar wasu wasanni yana koyo. Haɗarin yana ƙaruwa ne idan ana saka shi ana cire shi, wanda shi ne abin da aka yi: ya buga biyu, aka ajiye shi a Siri Lanka, aka dawo da shi, aka sake ajiye shi, duk cikin shekara guda.

Hanya ta biyar: a kai mai kai hari na tsakiya sama

Travis Head ya yi sunansa a lamba biyar. Shi ne mai shigowa idan abubuwa sun cuɗe ya juya wasa cikin awa biyu, kamar 163 da ya buga wa Indiya a wasan ƙarshe na gasar Tes ta duniya a 2023, da 140 da 152 a Disamban 2024. Wannan ya sa aka daɗe ana jin tsoron taɓa shi. Kafin gasar Ashes, a Asiya kaɗai ake kai shi sama, inda sabuwar ƙwallo ta fi daɗin bugu kafin masu murza ta su fara aiki. Ya yi hakan a Indiya a 2023 da Warner ya ji rauni, ya samu 49 a nasarar Indore da 90 a Ahmedabad, sannan 57 a ƙwallo 40 a Galle a 2025.

Abin da masu zaɓe suka kasa yankewa, ciwon baya ya yanke. A Perth a Nuwamban 2025 ciwon baya ya kama Khawaja, ana neman 205 a filin da babu tawagar da ta kai 200 a shiga uku da suka gabata. Head ya ce zai buɗe. Ya cika ɗari a ƙwallo 69, ya tashi da 123 a 83, wasan kwana biyar ya ƙare a kwana biyu. Ya ƙara da 170 a Adeled da 163 a Sidni, Ostireliya ta riƙe Ashes huɗu da ɗaya.

A bisa tsari wannan daidai yake da abin da aka yi da Smith, wato an ciro babba daga gurbinsa. Bambancin shi ne salon bugun Head ya dace da ramin da Warner ya bari, na Smith bai dace ba. Farashin yana nan, lamba biyar ta zama fanko, sai dai mai tsaron baya Alex Carey ya rage zafin, har ya buga 106 a Adeled. A Janairun 2026 Head yana da shekara 32, ana iya morar sa shekara uku zuwa biyar. Haɗarin kuwa na gaske ne a Ingila, inda ƙwallo ke lanƙwasa ƙarƙashin gajimare, wurin da ya gagari Warner.

| Hanya | Misali | Farashi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gwarzo ya hau sama | Smith | Mai tsada sosai | Gajera | Matsakaici | Rasa makin tsakiya |
| Tsohon hannun gida | Weatherald, Rogers | Kusan babu | Shekara 2 zuwa 4 | Mafi sauƙi | Maki tsaka-tsaki |
| Sabon ɗan tsakiya | McSweeney | Kaɗan yanzu, da yawa gaba | Ba tabbas | Mafi wuya | Karya ɗan wasa |
| Matashi | Konstas | Haƙuri da asarar wasanni | Mafi tsawo | Mai wuya | Babba, ga shi da tawaga |
| Mai kai hari | Head | Lamba biyar | Shekara 3 zuwa 5 | Matsakaici | Filin da ƙwallo ke lanƙwasa |

Wace hanya ga wace buƙata

Idan babbar gasa na gabanka nan da 'yan watanni kuma tsakiyar jerinka na da ƙarfi, ɗauko tsohon hannu. Ba zai burge ba, amma zai cinye maka awa ɗaya ko biyu na sabuwar ƙwallo, abin da na lamba uku da huɗu ke buƙata ke nan.

Idan wanda ya tafi shi ne mai saurin tawagar, abokin buɗewarsa kuma mai haƙuri ne, nemi irin Head, da sharaɗin kana da wanda zai toshe gurbin da ya bari. Haka nan idan za ka filayen Indiya ko Siri Lanka.

Idan tawagarka tsofaffi ne da za su tafi kusan lokaci guda, kuma magoya baya za su iya jure faɗuwa, ɗauki matashi. Fara da shi a gida da abokan karawa masu dama-dama, ka kuma gaya masa a fili cewa yana da wasa goma ko me ya faru. Idan ba za ka iya wannan alkawari ba, bar shi a gasar gida.

Kai gwarzo sama yana da amfani ne na wasa ɗaya ko biyu, idan rauni ya tilasta. Hanyar McSweeney kuwa ban ga buƙatar da ta dace da ita ba, sai idan babu kowa.

Ga Ostireliya kanta, Khawaja ma ya yi ritaya a Janairun 2026 a Sidni, filin da ya fara a 2011, don haka duka kujerun biyu sun sauya hannu. Da ni ke zaɓe, Head zai zauna a gefe ɗaya. Ɗaya gefen na mai haƙuri ne daga Shield, a ba shi wasa goma cur kafin a yanke masa hukunci. Konstas kuma ya buga kaka biyu cikakku a jiharsa ta New South Wales, ya gyara tsaronsa ga ƙwallon da ke shigowa ciki, sannan a sake kiransa.